Ranar da Aka Kashe Wutar Boilar Alhaji Lado

Akwai wata baiwar Allah a garin Daura, gidansu ba nisa da rijiyar Kusugu, ana ce mata Malama Maijidda. Shekara goma sha tara ta yi tana koyarwa a firamare. Idan maganar aji ce, ko yadda ake lallaɓa yaro mai taurin kai, babu mai koya mata. Amma injin gyaran shinkafar da mijinta Alhaji Lado ya kafa a hanyar Sandamu, sau uku kacal ta taɓa taka shi, shi ma a bakin ofis ta tsaya.

Da Allah ya karɓi ran Alhaji Lado, ta fita takaba, aka raba gado, sai injin ya faɗo a rabonta da na 'ya'yanta. Babban cikinsu bai gama sakandare ba. Dole ta ajiye alli ta karɓi makullai.

Wurin ba wani babba ba ne. Akwai injin casa, da filin shanya, da wata rumfar kwano inda boila take. Boilar nan wata ƙatuwar tukunya ce ta ƙarfe, a rufe ruf. Ana hura mata wuta da ɓuntun shinkafa, ruwan cikinta ya zama tururi, a ja tururin ta bututu a turara ɗanyar shinkafa kafin a shanya a cashe. Idan boila ta tsaya, komai ya tsaya.

Mai kula da ita wani dattijo ne, Baba Sha'aban, wanda a gabansa aka sauke ta daga mota shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ranar da Malama ta fara aiki a wurin, shi ya kai ta rumfar ya nuna mata wani agogo da ke maƙale a gaban tukunyar. Ya ce mata wannan shi ke nuna ƙarfin tururi, duk safiya ta zo ta duba, in dai ta ga allurar a kan bakwai to lafiya ƙalau, ta koma ofis abinta.

Haka ta riƙa yi. Kullum ta zo, allura na kan bakwai. Cikin duk abubuwan da ke ruɗa ta a wurin, wannan kaɗai ne take jin ta gane.

Saura mako uku azumi sai ga wasiƙa daga ofishin da ke duba lafiyar masana'antu. Malama ta karanta ta sau uku. Kowace kalma ta san ma'anarta, amma in ta haɗa su sai ta rasa inda aka dosa. Wasiƙar ta ce satifiket ɗin boilar ya ƙare aiki tun bara waccan. Ta ce za a turo injiniya ranar Litinin ta makon gobe. Ta ce a kashe wuta kwana biyu kafin zuwansa, a zubar da ruwan, a buɗe tukunyar a share cikinta.

Ta ɗaga kai ta dubi bangon ofis. Takardu huɗu ne a rataye cikin gilashi, duk da hatimi, duk da sa hannu. Ɗaya ta rajistar kamfani, ɗaya ta ƙaramar hukuma, ɗaya ta masu duba abinci. Sai ta huɗun, da ta sauke ta ta goge ƙurar, ta ga sunan boila a jiki, can ƙasa kuma da ƙananan haruffa an rubuta ranar da za ta daina aiki. Ita dai a saninta satifiket irin nata ne na koyarwa, in an ba ka sau ɗaya shi ke nan har mutuwa. Ashe akwai mai ƙarewa. Kuma ga dukkan alamu ya ƙare ne a lokacin da Alhaji ke kwance yana jinya.

Ta kira Baba Sha'aban ta karanta masa. Ransa ya ɓaci tun kafin ta kai ƙarshe. Ya ce shi ne ke duba boilar nan kowace safiya, ya san numfashinta kamar yadda ya san nasa, wani yaro mai riƙe da biro ba zai zo ya gaya masa abin da bai sani ba. Ya ce in aka kashe wuta aka buɗe ta, kafin a mayar a sake hurawa mako guda ya tafi. Ya kuma tuna mata cewa Alhaji Saminu, ɗan kasuwar Kongolam, ya jibge musu shinkafa mota guda yana so kafin a ga wata.

Da yamma ƙanin marigayi, Abbas, ya biyo ta wurin kamar yadda ya saba. Ta nuna masa wasiƙar. Ya yi dariya, ya ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne, kamar takardun mota ne, sabuntawa kawai ake yi. Ya ce yana da mutum, ta ba shi tsohuwar takardar ta bar masa sauran.

Ta tambaye shi, to injiniyan da aka ce zai zo fa? Ya ce in ya zo ya ga sabuwar takarda a bango, ruwa zai sha ya koma.

Malama ta ba shi. Ba don ta gamsu ba, sai don shi kaɗai ne ya yi magana kamar wanda ya san hanya.

Ranar Alhamis Abbas ya dawo da sabon satifiket. Takarda ce mai sheƙi, ta fi tsohuwar kyau nesa ba kusa ba, da jan hatimi da sa hannu har biyu. An rubuta cewa an duba boilar ciki da waje ranar Laraba, an gwada ta, an same ta lafiya.

Malama ta daɗe tana kallon kwanan watan. Ranar Laraba tun safe har la'asar tana wurin, wuta na ci, kuma ba ta ga baƙo ko ɗaya ba.

Ta ce, "Abbas, yaushe aka duba ta?"

Ya ce, "Yaya, haka ake yi. Kowa haka yake yi. Ke dai ki rataya."

Ba ta rataya ba, ba ta kuma mayar masa ba. Ta naɗe ta sa a jaka.

Ranar Juma'a kanta ya ƙara ɗaurewa. Da safe ta ce wa Baba Sha'aban gobe a kashe wuta. Kafin a tafi masallaci Alhaji Saminu ya bugo waya yana tambayar kayansa, sai ta koma ta ce a bar wutar tukuna. Matan da ke aikin shanya da tsintar tsakuwa, su goma sha huɗu, suka ji ƙishin-ƙishin za a rufe wurin, suka turo shugabarsu Adama. Adama mace ce da ba ta ɓoye abin da ke ranta. Ta ce Malama ta ji tsoron Allah, azumi na tafe, su da abin da suka yi aiki a yau suke ɗora tukunya a gida, zamanin Alhaji ba a taɓa tsayar musu da aiki saboda takarda ba.

Kowa ya zo da maganarsa sai Malama ta ji kamar shi ne mai gaskiya, har sai na gaba ya zo.

Bayan la'asar ta ɗauki wasiƙar, ta buga lambar wayar da ke ƙasanta. Wani mutum mai sanyin murya ya ɗauka, ya ce shi ne Injiniya Abdulbaƙi, shi aka ba aikin zuwa wurinta. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta tambaye shi, idan mutum yana da sabon satifiket a hannu, shin dole ne sai an sake kashe wuta an duba?

Ya ce, "Hajiya, wa ya duba ta?"

Ta ce ba ta sani ba.

Ya ce, "To ni ma ban sani ba. Sai ranar Litinin in Allah ya kai mu."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai yi mata faɗa ba, bai tsorata ta ba. Amma tambayar ta zauna mata a ƙirji. Ta juya ta ta ko'ina ba ta samo mata amsa ba. Ranar Asabar da safe ta ce a kashe wuta, kuma wannan karon ba ta canja magana ba, ko da Baba Sha'aban ya jefar da shebur ya fita daga rumfar, ko da Alhaji Saminu ya ce zai turo mota a kwashe masa kayansa a kai wani injin.

Kada ku ɗauka ta yi hakan ne don ta gane wani abu. Ita kanta daga baya takan ce a ranar ba ta san ko daidai ta yi ko kuskure ba. Abin da ta sani kawai shi ne an yi mata tambaya ta kasa amsawa.

Ranar Litinin injiniyan ya iso da hantsi a wata tsohuwar mota. Siririn mutum ne, ya sa rigar aiki da ta sha wanki, yana ɗauke da akwatin ƙarfe. Bayan sun gaisa ya yi mata ta'aziyya, sai ta buɗe jaka ta fito da takardar Abbas ta miƙa masa. Ya duba gaba da baya. Ya ce wannan ba daga ofishinsu ta fito ba, lambar da ke jiki ma ba ta boilarta ba ce. Ya ce zai tafi da ita, kuma zai rubuta cewa ita da kanta ta miƙa masa.

Suka nufi rumfar. Baba Sha'aban na tsaye a gefe ya harɗe hannu, gaisuwar ma da ƙyar ya amsa.

Injiniya ya tsaya a gaban agogon ya kira Malama. Ya tambaye ta me ta gani. Ta ce allura na kan bakwai, yadda ya kamata. Har ta ji wani ɗan sanyi a ranta, ga abu ɗaya da ta sani. Sai ya ce ta taɓa jikin tukunyar. Ta taɓa, sanyi ƙalau. Kwana biyu babu wuta, babu ko ɗigon ruwa a ciki, ƙofarta ma a buɗe take.

Ta dubi allurar, ta dubi hannunta, ta sake duban allurar. Sai da ta ɗan jima kafin abin ya shige ta. Agogon a mace yake. Allah kaɗai ya san tun yaushe. Duk safiyar da ta zo ta duba ta koma ofis da kwanciyar hankali, ba komai take dubawa ba.

Daga nan ya hau tsani zuwa saman tukunyar. Akwai wani bawul a can wanda aikinsa shi ne ya buɗe da kansa ya saki tururi idan ƙarfi ya yi yawa. Ya tarar an rataya wani guntun ƙarfen mota a hannun bawul ɗin, an ɗaure da waya. Ya tambayi wanda ya sa. Baba Sha'aban ya ce shi ne. Ya ce tun bara abin ya riƙa huci yana ɓarnar tururi, yana firgita mata, alhali agogo na nuna bakwai, shi ya sa ya danne shi ya huta.

Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya ce masa, "Baba, bawul ɗin gaskiya yake gaya maka. Agogon ne yake maka ƙarya."

Dattijon ya juya ya dubi agogon.

Injiniya ya ɗauki tocila ya shiga cikin tukunyar har rabin jikinsa. Ya fito fari fat da wani ɓawo mai kauri da ruwan rijiya ya bari a jikin ƙarfen. Ya fito da wata 'yar na'ura yana ɗora ta nan da can yana rubuta kaurin ƙarfe. Da ya zo wani wuri ta ɓangaren bango, inda aka taɓa yin walda, ya daɗe a tsugune. Malama ta tambaye shi ko wani abu ne. Ya ce ba zai yanke hukunci da ido ba, sai an yi gwajin ruwa.

Nan ma ta ruɗe. An ce a zubar da ruwa, an zubar, yanzu kuma an ce a cika. Ya yi mata bayani cewa za a rufe ko'ina, a cika ta taf da ruwan sanyi, a matsa ruwan da famfon hannu har ya wuce ƙarfin da take aiki da shi, a ga ko za ta riƙe. Ta ce to, ko da yake ba ta ga yadda ruwan sanyi zai nuna abin da wuta ba ta nuna ba cikin shekara goma sha ɗaya.

Kafin a gama cikawa azahar ta yi. Adama da sauran matan sun zo jin ko za a koma aiki gobe. Suka nufi wani dogon benci da ke jikin bangon rumfar, inda suke zama su ci abincin rana kullum saboda inuwa. Injiniya ya ce su yi haƙuri su koma bakin ofis. Adama ta tashi tana gunaguni, tana cewa yau kuma har wurin zama an hana su.

Injiniya ya ɗaura nasa agogon, ya fara buga famfo a hankali. Allura ta tashi. Biyar. Shida. Bakwai. Baba Sha'aban ya dubi Malama kamar mai cewa kin gani. Takwas.

Ba ta kai tara ba aka ji wata ƙara, tas, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Wurin tsohuwar waldar ya tsage kusan tsawon kamu ɗaya. Ruwa ya feso da ƙarfi ya daki bangon, ya kwaranyo a kan bencin da matan suka tashi, ya wanke wani kwanon abinci da aka manta a kai ya faɗo ƙasa yana juyi.

Ruwa ya ci gaba da zuba a kan siminti.

Malama ta tambayi injiniya, da wuta ce a ƙarƙashinta, haka ruwan zai zubo?

Ya ce a'a. Ya ce ruwan sanyi in ya sami kafa zuba kawai yake yi, shi ya sa ake gwaji da shi. Amma tafasasshen ruwa da ke matse a cikin ƙarfe, in ya sami kafa, gaba ɗayansa yake juyewa tururi a lokaci guda. Ya dubi rumfar, ya dubi bangon, ya ce da ba za a sami ko ɗayansu a tsaye ba. Ya ƙara da cewa tunda agogo ya mutu kuma an danne bawul, babu wanda ya san a kan nawa take aiki duk watannin nan.

Malama ta zauna a kan buhu. Baba Sha'aban ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana ta salati a hankali. Adama kuwa ta tafi ta ɗauki kwanon, ashe nata ne, ta goge shi da bakin zaninta ta fita.

Injiniya ya rubuta takardar hana hura wuta ya liƙa a jikin tukunyar. Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Alhaji Saminu ya kwashe kayansa. Wani ya ce a kira mai walda na bakin tasha ya liƙe tsagin a yini ɗaya, wani ya ce a sayar da ita a kilo, wani ya ce a sayo wata ta hannu. Amma yanzu Malama ta koyi abu guda. Duk wanda ya kawo shawara sai ta ce ya dakata, ta buga wa injiniya ta tambaya, ko da tambayar za ta sa a ga kamar ba ta san komai ba. Shi ya gaya mata cewa ba kowane mai walda doka ta yarda ya taɓa boila ba, sai wanda aka gwada aka ba shi shaida. Daga Kano aka ɗauko masu gyaran. Aka yanke wurin da ya ci, aka sa sabon ƙarfe, sabon agogo, sabon bawul. Injiniya ya dawo ya sake gwajin ruwa, ta riƙe. Aka hura wuta a gabansa ya duba, sannan satifiket ya fito.

Mako bakwai wurin ya yi a rufe. Azumi ya zo ya wuce babu aiki.

Abbas ya ɗauke ƙafa na wani lokaci, da ya dawo kuma bai sake tayar da maganar mutuminsa ba. Mutane da dama sun ba Malama shawara ta sallami Baba Sha'aban. Shi ma da kansa ya kawo mata makullin rumfar ya ajiye a kan tebur. Ta tura masa abinsa. Ta ce ita ba ta ga mugunta a abin da ya yi ba, rashin sani ta gani, irin wanda ita ma take da shi. Ta sa aka rubuta sunansa a horon masu kula da boila. Dattijo mai furfura ya je ya zauna a aji, ya dawo da tasa shaidar.

Ranar sallah da hantsi Malama na tsakar gida aka yi sallama. Adama ce, da yaranta uku cikin sababbin kaya, ƙaramar tana goye. Tun ranar gwajin ba su sake haɗuwa ba. Malama ta shimfiɗa musu tabarma tana ta neman kalmar da za ta ba ta haƙuri da ita a kan azumin da suka yi babu aiki.

Adama ta riga ta. Ta ce wa yaran su durƙusa su gaishe da Malama da kyau. Suka gaishe ta, suna kallon uwarsu, don ba su san matar ba.

Adama ta ce, "Na kawo su ne ki gan su. Ban gaya musu dalili ba." Malama ta dubi yaran, ta tuna bencin da uwarsu take zama a kai kullum.

Darasi: Takardar shaida ba ado ba ce ta bango, shaida ce cewa wani masani ya duba da idonsa ya gwada da hannunsa. In aka samo ta ba tare da dubawa ba, kanka kawai ka yaudara, kuma rayukan bayin Allah ne a ƙarƙashinta. Daɗewa a kan aiki ba ya hana mutum kuskure, kuma babu abin kunya a ce ban sani ba, a tambayi wanda ya sani. Haƙurin tsayar da aiki na 'yan makonni ya fi nadamar da ba ta da gyara. Idan kana da boila, ko tankin iska, ko tukunyar gas a wurin sana'arka, duba ranar da shaidarta za ta ƙare tun yau. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa masu injina da masu aiki a cikinsu, wataƙila ya zama sanadin tsirar wani.